Awon Rigar Uwar Sadao

Teruyo tana durƙushe a tsakar ɗaki, ta baza tsofaffin jaridu a kan tabarma, fensir a bayan kunne, fil a baki, sai ga Sadao ya turo ƙofa yana kakkaɓe ruwan sama daga lemarsa. A shekarun nan duk 'yan matan Gifu, a ƙasar Japan, sun haukace da ɗinkin zamani, kowane gida ka wuce ƙarar keken ɗinki kake ji. Amma kaɗan ne suka iya abin da Teruyo ta iya: ta auna mace da tef, ta zana surar jikinta a takarda, ta yanka yadi a kai, riga ta zauna ɗas kamar da ita aka haife ta.

"Teruyo-san," in ji Sadao, da "san" ɗin girmamawa irin tasu, ko zama bai yi ba, "Mama ta ce ki ɗinka mata riga."

Saura kaɗan ta haɗiye fil ɗin.

"Wace Mamar? Taka? Haba Sadao-san, kar ka yi min wasa da rai!"

"Na rantse miki. Doguwar riga ta zamani, irin ta lokacin zafi. Ta ce tana so ta ga hannunki."

Inna, mahaifiyar Teruyo, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Matsu Orihara? Matar da tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa sa komai ba sai kimono, rigarmu ta gargajiya? To 'yata, jarrabawa ce aka aiko miki, sai ki ɗaura ɗamara."

Gaskiya Inna ta faɗa. Sadao shi kaɗai ne ɗan Uwargida Orihara, shi ya gaji sana'ar lemar takarda ta marigayi ubansa, kuma tun bara ya mutu a kan Teruyo. Tsoho Kuwabara, mai shiga tsakani, ya yi zirga-zirga har takalminsa ya cinye kafin aka kawo kayan baiko, amma uwar ta ƙi sa rana. Ta ce ita ba ta yarda da yarinyar da ke yanka yadi a karkace tana zubar da ƙyalle ba. Shi kuma Sadao, duk son da yake yi, ba zai ɗaga ƙafa ba sai da yardar uwarsa. Haka aka rene shi, Teruyo ma ba ta taɓa ganin laifinsa ba.

Washegari da hantsi ta isa gidan, tef a cikin jaka. Uwargida Orihara tana zaune ƙyam a ɗakin ciki, doguwa, busasshiya, fuskar nan babu alamar ta taɓa sanin dariya.

"Ki yi abin da ya kawo ki."

"Mama... sai kin rage kaya. Ki bar rigar ciki kawai. Tef ba ya faɗin gaskiya a kan ɗamara."

"Abin kunya dai ba ya ƙarewa a ɗinkin nan naku," in ji matar, amma ta miƙe ta kwance.

Kimono ba ruwansa da jikin mutum. A miƙe ake yanka shi, a naɗa, a ɗaure, mai ƙiba da siririya duk su fito iri ɗaya. Rigar zamani kuwa 'yar gulma ce, sai an taɓa ko'ina kafin a yi ta. Teruyo ta auna kafaɗa, ta auna baya, ta auna ƙugu. Da ta zagayo da tef ta ƙarƙashin hammatar hagu za ta ɗauki ƙirji, sai matar ta zabura, ta ja numfashi ta haƙora. A daidai lokacin bayan yatsun Teruyo ya taɓa abin: wani ƙulli mai tauri a gefen maman, kamar ƙwan tattabara, ba ya motsi.

Teruyo ta janye hannunta. Ta san wannan abu. Gwaggonta, ƙanwar babanta, da irinsa ta fara, ta ɓoye shi har ya fashe, kuma Teruyo ce ta ɗinka mata manyan rigunan da ta yi jinyar ƙarshe a cikinsu.

"Mama, wannan..."

"Ba ki taɓa komai ba."

"Mama, ki yi haƙuri, amma ya kamata likita ya—"

"Ke!" Matar ta cafke wuyan hannunta, yatsun sanyi ƙalau. "Uban Sadao da ƙafarsa ya shiga asibiti, a akwati aka dawo min da shi. Ni ba wani namijin da zai kwantar da ni ya sa min wuƙa. Ɗana nake so in gani da mata a gidan nan, bayan haka abin da zai faru ya faru. Ki saurare ni da kyau. An ce kin iya ɗinki, ko? To ki yi min rigar da ba wanda zai gane komai. In kin yi, zan sa rana. In kuwa kika buɗe baki ga Sadao, da kaina zan je wurin Kuwabara a karɓo mana kayanmu. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama," in ji Teruyo.

Duk mai zanen riga ya san rabin jiki ake zanawa. A ninka yadi biyu, a ɗora takarda, a yanka sau ɗaya, dama da hagu su fito daidai. Teruyo kuwa ta zauna ta zana dama daban, hagu daban. Ta ƙara wa hagun fili, ta faɗaɗa hammata, ta jera 'yan tattara daga kafaɗa zuwa ƙirji a gefen biyu yadda ido ba zai kama bambanci ba. Tana zane hawaye na ɗiga a kan jaridar.

Inna ta tsaya a kanta tana kallo. Ba tela ba ce, amma ta shekara tana share guntayen takardun nan.

"Yau kuma me ya sa kika zana gefe biyu?"

Teruyo ta fashe da kuka ta faɗa mata komai. Inna ta zauna daɓas.

"Wayyo Matsu!" Ta ɗago ta dubi 'yarta. "To ki ji ni. Ke tela ce, ba likita ba ce. Jikinta ne, asirinta ne. Babbar mace ta ce ki yi shiru, sai ki yi shiru."

"Inna, haka Gwaggo ta—"

"Na sani! Ni na wanke ta, ke za ki tuna min? Amma in aka mayar da kayan baiko, wa zai sake kallonki a garin nan? Za a ce an gano wani abu ne. Ki bari a ɗaura aure tukuna, in kin shiga gidan kya lallaɓa ta."

Maganar ta yi wa Teruyo daɗin ji, domin tsoro ma yana da nasa wayon. Ta haɗa rigar da farin zare aka gwada, ta gyara, ta hau keke ta ɗinke. Yadi ne shuɗi mai duhu da ƙananan furanni, kuma sai a faɗi gaskiya, ba ta taɓa yin ɗinki mai kyansa ba. Ranar da Uwargida Orihara ta fito tsakar gida a cikinsa, Sadao ya saki baki.

"Kai! Mama, kin ga yadda kika koma? Sitayil ke nan! Wallahi kamar 'yar fim!"

"Rufe min baki, marar kunya," in ji uwar, amma gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta juya ta dubi Teruyo ido cikin ido. "Yarinyar tana da hannu. Tana kuma da hankali. Ka gaya wa Kuwabara a sa rana a kaka."

Sadao kamar ya yi tsalle. Ya rako Teruyo har bakin gada yana ta zuba: ɗakin da za su zauna, inda za a ajiye keken ɗinkinta kusa da taga, sunan da zai sa wa 'yarsu ta fari. Ita kuwa kowace kalma tasa kamar ana ɗora mata dutse a ƙirji. Ta sami abin da take so, kuma ta san abin da ta bayar kafin ta same shi.

Zafi ya shigo, ya yi tsanani. Teruyo ta daina cin abinci sosai. Duk sanda ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan, an zo faɗa. In ta ga Sadao daga nesa sai ta fara karanta fuskarsa kafin ya iso. Shi kuwa bawan Allah sai tsokanarta yake: "Amarya, tun yanzu kika fara ramewa? Ai sai ki bari a shiga gidan tukuna!"

Da zafi ya fara ja da baya, Uwargida Orihara ta aiko a kira ta, wai rigar ta yi mata yawa. Teruyo ta je, ta sa mata, ta tsaya a bayanta ta kama ƙugun. Rigar da ta zauna ɗas a damina yanzu hannunta gaba ɗaya yana shiga tsakanin yadi da jiki. Kafaɗun sun zame. Gefen hagu kuwa, inda ta bar fili, nan ne kaɗai ya matse.

"Ki rage ƙugun, ki ƙara buɗa nan," in ji matar, ba ta waiwayo ba. "Ki yi sauri kafin Sadao ya dawo daga bakin kogi."

"Mama, ya girma."

"Na tambaye ki?"

"Mama, don girman marigayi mijinki, ki bari a duba ki. Zan raka ki, ba wanda zai sani—"

"Saura kaɗan a ɗaura. Kar ki ɓata abin da kika gina da hannunki. Ɗauki almakashinki."

Teruyo ta ɗauki almakashin, ta dube shi, ta dubi bayan wuyan matar da ƙasusuwa suka fito. Ta ga idan ta sake gyara rigar nan, za ta sake gyara ta, ta kuma sake, har ranar da za a kira ta ta ɗinka farar da ba a dawowa da ita. Ta ajiye almakashin a kan tabarma.

"Ba zan iya ba, Mama. Ki yafe ni."

Ta rusuna har goshinta ya taɓa ƙasa, ta tashi ta fita. Tana jin matar na kiran sunanta, da tsawa, sannan da wata murya da ba ta taɓa ji ba, mai kama da roƙo. Ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta tafi ba.

A bakin kogi ta sami Sadao, cikin lemomin da ya shafa wa mai ya baza su sha rana, ja da rawaya har iya ganin ido. Ya hango ta ya ɗaga hannu yana murmushi. Ta ƙarasa wurinsa. Ta faɗa masa a tsaye, ba ta tsallake komai ba, har da zanen gefe biyu.

Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar awo."

"Tun damina?" Muryarsa ta tashi. "Tun damina, Teruyo-san? Ina yabon riga, ina tafa miki, ashe da ita kika rufe min ido? Uwata tana narkewa a gabana, ke kina lissafin ranar aure!"

"Tsoro na ji, Sadao-san. Tsoron rasa ka na ji!"

"To ni kuma uwata fa? Ita ba kya tsoron in rasa ta?"

Ya bar lemomin a nan, ya ruga gida da gudu, bai ko waiwayo ba.

Kafin mako ya zagayo, tsoho Kuwabara ya zo da kansa a sunkuye, ya yi ta ba da haƙuri, ya kwashe kayan baiko. Inna ta zauna a bakin kicin tana kuka tana faɗa: "Na gaya miki! Na gaya miki! Ga shi kin rasa uwar, kin rasa ɗan!" Maƙwabta da suka saba kawo ɗinki suka fara zuwa da yawa, amma yawancinsu kunne suka kawo, yadin kawai dalili ne. Teruyo ta auna su, ta zana, ta yanka, ba ta ce wa kowa uffan ba. Bayan Inna, asirin matar ta faɗa wa mutum ɗaya da ya wajaba ya sani, ba za ta ƙara wani ba, ko da za ta wanke kanta da shi.

Ranar da aka sa ta zo ta wuce. Sanyi ya sauka. Daga gidan Orihara ba saƙo ba labari. Matar Kuwabara ce ta tsegunta wa Inna a kasuwa cewa Sadao ya durƙusa a gaban uwarsa ya ƙi ci ya ƙi sha har ta yarda, an kai ta babban asibiti a Nagoya, an yi aiki, amma ba wanda ya san yadda ta ƙare. Daga nan Teruyo ta shiga wani sabon tsoro. In ta bi ta layinsu sai ta saci kallon ƙofar, tana fargabar ganin fitilun makoki. Ta riƙa tambayar kanta: in matar ta mutu a ƙarƙashin wuƙar da take gudu, wa ya tura ta? In kuma an makara, wa ya jawo makarar? Ko ta ina ta juya, ita ce. Sau da yawa ta ɗauki mayafi za ta je, sai ta tuna ba ta da hurumin taka gidan, ta koma kan kekenta.

Rannan da rana, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, aka yi sallama a bakin ƙofa. Inna ta je ta buɗe, sai Teruyo ta ji ta ce, "Matsu-san!" da muryar wanda ya ga fatalwa.

Ita ce. Ta rame ƙwarai, gashinta ya yi fari, tana dogara sanda, amma a tsaye take da ƙafarta. Can bayanta a kan titi Sadao ne, riƙe da hularsa a hannu, ya kasa shigowa ya kasa ɗaga kai.

"Ki ba mu wuri," ta ce wa Inna. "Da 'yarki zan yi magana."

Aka ja ƙofa. Teruyo ta durƙusa tana jiran zagi.

"Na tsine miki a asibiti," in ji matar. "Kullum. Da safe in tsine miki, da yamma in tsine miki. Ma'aikatan jinya har sun haddace sunanki."

"Na cancanta, Mama."

"Yi min shiru in gama. Likita ya ce wa Sadao da an kai kaka, da ba abin da za su iya. Shi ya ɓoye min, sai jiya ya faɗa, yana kuka kamar yaron goye." Ta ja numfashi. "Da kin bi maganata, da yanzu kina gidana, ni kuma hotona ne a bango kuna kunna masa turare."

Ta ajiye sandar. A hankali, da hannu ɗaya, don na hagun ba ya ɗaguwa sosai, ta kwance ɗamararta, ta buɗe kimonon. Gefen hagu babu komai, shafe yake har hammata, sai dogon tabo ja. Teruyo ta toshe bakinta da hannu.

"Ban bar kowa ya gani ba. Ko madubi na juya shi bango. Ba abin da ke zauna min yanzu, komai zamewa yake, ina jin kunyar fita." "Ba zan tuɓe a gaban bare ba. Ki auna ni, 'yata."

Teruyo ta lalubo tef, ta kasa ganin lambobin saboda hawaye. Ta share, ta sake sharewa.

"Zan sa miki auduga mai laushi ta ciki, Mama, ba za ta taɓa tabon ba. Maɓallai a gaba, don kar ki wahalar da hannun."

"Ki yi yadda kika ga dama. Amma ki yi sauri, ina so in sa ta ranar biki, kuma wannan karon ba zan jira kaka ba." Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya, tsohuwar tsawar ta dawo daram. "Kai Sadao! Ka tsaya nan inda kake har mu gama! In an buɗe, ka shigo da gwiwa ka ba matarka haƙuri!"

Daga waje aka ji muryarsa: "To, Mama!" Inna kuwa, da kunnenta ke manne da ƙofa tun farko, ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

An ɗaura auren da bazara, kuma Uwargida Orihara ta rayu har ta goya jikokinta, tana yi musu faɗa kamar yadda ta yi wa ubansu. 'Yan mata, ku riƙe wannan: son da aka saya da shiru a kan ran mutum ba ya zama lafiya a zuciya. Teruyo ta yi kuskure da ta bar tsoro ya riƙe bakinta wata da watanni, kuma ta sha wuyarsa. Amma da ta zaɓi ran matar a kan aurenta, ta haƙura da zargi ba ta tona asirin kowa ba, sai ta sami auren, ta kuma sami uwa.